Sharhi bisa littafin taswirori na Phillimore da neman asalin dangi a ƙasar Wales

Littafin da Cecil Humphery-Smith ya shirya, wanda ya fito a 1984, yana nuna iyakokin yankunan majami'u kamar yadda suke kafin 1832. Amfaninsa a fili yake, tun da a yankin majami'a ne aka umurta, a 1538, a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Ya kuma fi taswirar yau dacewa: gundumomi 13 na da an maida su 8 a 1974, sannan hukumomi 22 a 1996. Wanda ya nemi kakansa na 1800 a Dyfed ya nemi gundumar da babu ita lokacin.

Amma a ganinmu littafin yana sa mai bincike ya ɗauka iyaka ɗaya ce ke akwai. Ba haka ba ne. Daga 1837 gwamnati ta kama rajistar haihuwa bisa nata yankuna, waɗanda kan ƙetare gunduma, wani lokaci har su shiga Ingila. Garin Llanymynech kansa iyakar ƙasashen biyu ta ratsa shi.

Babbar matsalar ita ce ɗimbin mutanen Wales sun bar majami'ar hukuma, sun koma ƙananan ɗakunan ibada na wasu ɗariƙu, waɗanda ba ruwansu da waɗannan layuka. A ƙasar da John Jones ya cika kowane ƙauye, mai tsayawa cikin layin taswira yana iya ɗauko kakan wani ya ce nasa ne.