4.3 Waƙar Karen Mota: Yabon Ma'aikacin da Ba a Yabawa

Idan aka dubi rabe-raben makaɗan Hausa, za a ga cewa yabo ya fi tafiya wajen sarakuna da attajirai da jaruman dambe ko noma. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos (1946 zuwa 2015) ya san wannan tsari sarai, domin mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma a gidan sarkin ya tashi bayan rasuwar iyayensa. Amma a Waƙar Karen Mota sai ya ɗauki yabon nan ya kai shi tasha, ya ɗora wa yaron da ke lodin fasinja da canza taya da tura mota in ta mutu. Wannan shi ne babban jigon waƙar.

Ta fuskar salo, kayan kiɗan ya dace da wanda ake yi wa waƙar. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Babu 'yan amshi, babu taron makaɗa. Da an yi ta da kotso ko taushi irin na fada, da yabon ya koma zambo.

A ƙasashen Turawa ma akwai makamanciyarta. A shekarar 1974 Patti Smith ta Amurka ta fitar da waƙa kan aikin da ta yi a wata masana'anta a New Jersey, wadda ake lissafawa cikin waƙoƙin farko na kiɗan bijirewa da ake kira fank. Sai dai ita da bakin ma'aikaciya ta yi magana, burinta ta tsere. Ɗanmaraya kuwa daga gefe ya tsaya, ya gauraya yabo da raha. A nan ne raunin waƙar yake: tana sa a ga karen mota da mutunci, amma ta bar shi inda ta same shi.

Duk da haka, wanda ya ga yaran da ke ɗora buhunan albasa a manyan motoci a Goronyo da Wurno, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1984 ta bunƙasa noman rani, zai gane mutumin da waƙar ke nufi. Direba na gaba a zaune, shi yana bisa kaya har Sakkwato.