Dagi da Aska: Lissafin da Ke Jikin Bango da Wuyan Riga

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin wasu 'yan boko, har ta soma zama kamar gaskiya don yawan maimaitawa. Wai Bahaushe ya iya ƙidaya da ciniki, amma bai san ilmin siffofi ba, wato abin da ake kira jometiri a makaranta. Wai zanen da ke jikin soraye da ɗinkin da ke wuyan riga ado ne kawai, hannu ya saba, kai bai sani ba. Hujjarsu ita ce idan malamin firamare ya zo koyar da layi da kusurwa, sai ya rasa kalma ya koma Turanci. Ni ban yarda ba. Rashin kalma a bakin malamin aji ba ya nufin babu ita a bakin magini.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Uƙlidis ya tattara wannan ilmi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi sukutum kan abin da mai sana'ar hannu ke bukata na handasa, wato ilmin siffofi, domin ya san masu sana'a na da tambayoyin da malaman lissafi ya kamata su amsa. A nan gida, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi kan hatimi, murabba'in lambobi, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da laka da azara da bakan gizo. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin waɗannan bakuna ya ce maginin bai san kusurwa ba, to ba gini ya zo kallo ba.

Masu cewa duk daga Larabawa aka kwaso zanen nan su ma ba sa burge ni. An ara, babu musu, kamar yadda aka ari kalmomin da'ira da murabba'i. Amma ka ajiye zanen tayil na Fas kusa da zanen bangon unguwar Birni a Damagaram. Na Fas taurari ne masu tsini da yawa da aka fitar da kamfas. Na Damagaram layi ne mai kauri, mai numfashi, wanda aka fitar da hannu a kan ɗanyen yaɓe. Ɗan'uwa ne, ba bawa ba. Haka nan masu neman wani ɓoyayyen sirri a kowace lanƙwasa, su ce wannan alamar kaza ce, waccan ta kaza. Ina ganin sun bar abin da ke gaban idonsu sun tafi neman abin da ba wanda zai iya tabbatarwa.

Abin da ke gaban ido shi ne dagi, kuma a nan nake so in daɗe.

Ɗauki dagin da aka fi sani, wanda ya zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna. Yana da sigogi daban-daban, amma gangar jikinsa zobba biyu ne dogaye, kamar an matse awarwaro, aka gicciya ɗaya a kan ɗaya. Sannan aka ratsa su da murabba'i wanda ya tsaya a kan tsininsa. Kowane dogon zobe yana da gefe biyu miƙaƙƙu da ke tafiya a jere, tazararsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, sai a ƙarshe su lanƙwashe su haɗu. Waɗannan su ne layukan da littafin makaranta ke cewa ba sa taɓa gamuwa komai nisan tafiya. Inda zobban suka gicciye, gefe biyu na ratsa gefe biyu, mahaɗa huɗu ke nan, kowace a kan digiri 90, kuma a tsakiyarsu wani ƙaramin murabba'i ya fito wanda ba wanda ya zana shi. Shi kuma babban murabba'in, kowane gefensa yana ratsa hannu ɗaya na dagin, kowane hannu layi biyu ne, mahaɗa takwas ke nan. Jimla 12.

A waɗannan mahaɗai 12 gwaninta take. Ƙa'idar ita ce idan layi ya hau a wannan mahaɗa, dole ya nutse a ta gaba, ya sake hawa, ya sake nutsewa, har ya dawo inda ya faro. Ba a hawa sau biyu a jere. Kuma abin sha'awa, idan ka tsayar da mahaɗa ɗaya tak, ka ce a nan wannan layin ne a sama, sauran 11 duk sun yanke wa kansu hukunci. Ba ka da sauran zaɓi. Wannan ba ado ba ne, dokar da ke haifar da sakamako ce, irin wadda ake kafa hujja a kai.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo mai zanen riga a cikin birnin Zariya. Shi ba ya ɗinki, zane kawai yake yi da alƙalamin kara da tawada, maɗinka su karɓa su bi. Na lura ba ya fara jan layi sai ya ɗiga ɗigo-ɗigo a kan yadin, yana auna tazara da faɗin yatsa. Wani almajirinsa ya kawo masa dagin da ya gwada a takarda. Dattijon bai ɗauki alƙalami ba, sai ya ɗora ɗan yatsa a kan layin yana bi, yana cewa a hankali, "hau, nutse, hau, hau." Ya tsaya a nan ya dubi yaron. Yaron ya ce, "Baba, ai ba wanda zai gani." Ya ce, "Zaren zai gani, yaro. Idan igiya ce, nan za ta warware." Gaskiya ya faɗa. Inda layi ya hau sau biyu, saƙar ta saki, zobe ɗaya yana kwance ne kawai a kan ɗan'uwansa.

Akwai kuma wani abin da ido ke wucewa. Juya dagi kwata ɗaya, digiri 90, zai dawo kamar ba a taɓa shi ba. Juya shi sau huɗu, sau huɗu yana komawa kansa. Amma ka sa masa madubi. Siffar tana nan, sai dai duk inda layi ya hau, a madubi takwaransa ya nutse. Ashe dagi yana da na dama da na hagu, kamar takalmi. Daidaiton juyi daban, daidaiton madubi daban, kuma ɗalibai da yawa na gama sakandare ba su rarrabe su ba, alhali misalin yana jikin ƙofar fadar garinsu.

Aska ba ta kai dagi zurfi ba a wurina, duk da masu riga sun fi ji da ita. Aska biyu, aska takwas: dogayen alwatika ne masu siririn tsini, suna saukowa a gaban riga. Amfaninta ga mai koyo shi ne sunanta. Kusurwoyin alwatika uku jimlarsu digiri 180 ne, saboda haka duk yadda tsini ya ƙara sirancewa, na gindin biyu sai sun ƙara buɗewa. Yaron da ya ga aska a wuyan rigar kakansa ya riga ya san tsukakkiyar kusurwa, saura a gaya masa adadinta. Haka zanko a kan soro. Haka da'irar da mai ginin rumbu ke fitarwa da turke da igiya, inda igiyar ce tazarar tsakiya zuwa baki. Haka maginin da ke gwada ɗaki da igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan a gicciye, ya sake gwada ɗaya gicciyen, idan suka zo ɗaya ya ce ɗakin bai karkace ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina riƙe da shi. Hausa tana raɗa wa siffa suna daga abu ko daga aiki: aska, bakan gizo, gicciye, lanƙwasa, karkace, tsini. Ba rauni ba ne. Kalmomin da Turanci ke taƙama da su ma haka suka faro a Girkanci da Latin. Sunan ilmin kansa ma'anarsa awon ƙasa ne, kalmarsu ta layi kuwa daga zaren lilin ta fito. Sun dai tsufa ne har an manta asalinsu. Namu ba su tsufa haka ba, har yanzu yaro na iya taɓa abin da kalmar ke nufi, kuma wannan riba ce ga mai koyarwa.

Wani lokacin ma Hausa ta fi littafin tsanaki. Muna da kusurwa, muna da lungu. Mai shara a cikin ɗaki lungu take bi da tsintsiya, digiri 90. Mai yaɓe da ke zagaya ɗakin ta waje, a daidai wannan wurin, kusurwa yake tararwa, buɗinta digiri 270. Bango ɗaya, mahaɗa ɗaya, biyun sun cika 360. Littafin makaranta sai ya kai babi na gaba kafin ya ba ta wajen suna, mai gida kuwa tun yana rarrafe ya san bambancin wurin da ake ɓuya da wurin da ake buge goshi.

Ban ce a kori murabba'i da digiri ba, sun zama namu. Ban kuma ce magini ya rubuta hujja irin ta Uƙlidis ba. Cewa nake masu tsara kalmomin lissafi a Hausa sun fi yawan duban ƙamus fiye da zama a gindin bango, shi ya sa wasu kalmomin ke fitowa dogaye, ba mai iya furta su sau biyu. A tsakiyar ƙarni na 20, da siminti ya shigo, masu zanen gidaje a Zariya da Kano sun sa keke da mota da jirgin sama a bango ba tare da sun saki dagi ba. Yanzu kuwa gidajen na rushewa, fenti da tayil na maye gurbinsu. Dagin da ake bugawa da kwamfuta a allunan shaguna da gefen motocin haya, sau da yawa launi ɗaya ne shafe, mahaɗan duk sun narke cikin juna. Na sha tsayawa in ɗora yatsa a kai in bi layin, in rasa inda ya hau da inda ya nutse.