Masu Kwana Kan Ɗan Wani

A asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da na Barnawa akwai ma'aikatan jinya da suka cancanci jinjina. Su ke kwana kan matashin da aka raba da kodin ko tiramol, yana zufa, yana hamma, ga gudawa, gaɓoɓi kamar an lakaɗa masa duka.

Ba raki ba ne. Ƙwayar ta saba wa ƙwaƙwalwa har ta rage samar da nata sinadarin kashe zafi, shi ya sa jiki ke rikicewa in an yanke.

A 2018 aka haramta maganin tari mai kodin a ƙasar nan, amma waɗanda suka riga suka kamu hannun ma'aikatan jinya suka faɗo. A ƙasashe da dama maganin methadone ake ba irinsu a hankali. Nan kuwa nas ke ɗaura ruwa, ta lallashi uwa, ta roƙi dangi kada su ɗaure matashin da mari.