Wasan Yariman Farisa, Yabonsa da Aibinsa

Wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ya bi ta unguwannin Ƙauran Namoda da Zurmi da sakaliyar la'asar, ya kan iske yara sun yi cincirindo a bakin wani ɗan shago, janareta na ruri a waje, idanunsu duka a kan akwatin talabijin. Wasan gem su ke yi. Wanda ba shi da kuɗin shago kuwa ya kan ari wayar wansa ya yi nasa a zaure. Iyaye sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu sun ce duk shashanci ne, a hana. Waɗansu sun ce abin yara ne, ba ruwan babba. Dukansu sun yanke shari'a tun ba su ji ta bakin wanda a ke ƙara ba, alhali kuwa wasannin nan iri iri ne kamar littattafai, akwai na ƙwarai, akwai na banza. Saboda haka ya kamata a ɗauki guda a auna, don a ga yadda a ke rarrabewa.

Akwai wani iri da za a iya kira wasan tsallake-tsallake. A cikinsa mai wasa ya kan bi da wani ɗan mutum a fuskar talabijin ta wurin danna maɓallai, ya sa shi gudu, ko tsalle, ko hawan katanga, har ya kai inda a ke so. Wanda ya taɓa haye gulbin Gagare bayan ruwa ya janye, yana duban inda zai sa ƙafa kafin ya ɗaga ɗayar, ya riga ya san rabin dabarar. Cikin masu daɗewa na wannan iri akwai wanda Turawa su ke kira Prince of Persia, watau Yariman Farisa. An yi ta sake shi da sabon labari tun daga 1989, har ya zama zuriya guda, kuma kamfanin Gameloft ya yi ƙananansa don wayoyin hannu masu maɓallai.

Wani saurayi Ba'amurke ne ya fara shi, sunansa Jordan Mechner, haifaffen New York a 1964. Ya yi shekara huɗu yana aikin a kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna Apple II. Da ya ke yana so ɗan mutumin ya motsa kamar mai rai, sai ya sa ƙanensa ya sa fararen tufafi yana gudu yana tsalle, shi kuwa yana ɗaukarsa da kyamara, sa'an nan ya bi hotunan ɗaya ɗaya yana zana su. Mahaifinsu ne ya tsara kiɗan. Kamfanin Broderbund ya fitar da wasan a 1989.

Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, inda mugun Waziri ya ke haƙon sarauta bayan Sarki ya tafi yaƙi. Nan ma Sarkin Farisa ya tafi yaƙi, Wazirinsa Jafaru, wanda ya ke matsafi ne, ya tsare 'yar Sarki, ya kife kwalbar yashi mai auna lokaci, ya ce mata kafin yashin ya tsiyaye ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da ta ke so kuwa ya sa an jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Mai wasa shi ne saurayin nan. An ba shi minti 60 na agogon gaske ya ƙetare hawa 12, ga ramummuka masu tsinin ƙarfe, ga daɓe mai ruftawa, ga ƙofofi masu datse mutum biyu, ga dogarai da takubba.

Babban abin yabo a nan shi ne yadda aka ɗaure gaggawa da haƙuri da igiya ɗaya. In mai wasa ya yi sauri ya faɗa rami, sai a komar da shi farkon hawan, amma agogo ba ya komawa. In kuma ya tsaya nawa, yashi na zuba. Ba mai cin wasan a karon farko, ko na goma. Sai ya faɗi, ya gane inda ya yi kuskure, ya sake, har hannunsa ya haddace hanyar. Dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemunsa, ya yi ta maimaita baƙi da wasali har ya iya karanta takardarsa da kansa, ya san wannan irin wahala, ya san kuma daɗin da ke bayanta.

Akwai wani wuri kuma da ya fi duk sauran hikima. A hawa na 4 saurayin ya kan iske madubi ya tare hanya, tilas ya yi tsalle ta cikinsa, sai inuwarsa ta rabu da shi ta zama wani mutum dabam. Daga nan ta yi ta yi masa ɓarna, ta shanye masa magani, ta rufe masa ƙofa. A hawa na 12 su kan haɗu da takobi. To, duk saran da ya kai mata, shi ma sai jininsa ya ragu, in ya kashe ta ya kashe kansa. Mafita guda ce, ya mai da takobinsa kube, ya tafi wurinta su koma mutum ɗaya. Ba rubutun da ke gaya wa mai wasa haka, da kansa zai gane. Abin mamaki kuwa, ƙarancin wuri a cikin kwamfutar ne ya haifi inuwar nan, gama ba sararin zana sabon abokin gaba, sai Mechner ya juya launin hoton saurayin. Rashi ya zama sanadin dabara.

Na biyu, wanda ya fito a 1993, ya bi sawun na farko. Na uku, na 1999, an yi ƙoƙarin ba shi zurfi yadda ɗan mutumin zai nufi kowace kusurwa, amma ya fito da nauyin jiki, bai karɓu ba. Bayan wannan sai kamfanin Ubisoft na Faransa ya mallaki sunan, ma'aikatansa na Montreal a ƙasar Kanada suka gayyato Mechner, suka fitar da The Sands of Time, watau Yashin Zamani, a 2003.

Wannan shi ne gwarzon zuriyar. Yarima ya bi ubansa yaƙi ƙasar Hindu, son a san shi ya sa ya riga kowa shiga taskar sarkin garin, ya ɗauko wata wuƙa. Wani Waziri maci amana ya rinjaye shi ya buɗe babbar kwalbar yashi da wuƙar, yashin ya watsu, duk mutanen fada suka rikiɗe suka zama dodanni, har da ubansa. Ba wanda ya tsira sai shi da Wazirin da Farah, 'yar sarkin da suka ci da yaƙi. Amfanin wuƙar shi ne, in mai wasa ya zame daga katanga, yana iya komar da lokaci baya kamar daƙiƙa 10 ya gyara. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya a kan bar ta. Wasan nan ya ba mutum ikon ya waiwaya ya kamo ta.

Da nan aka tsaya, da sai a ce an lalata tarbiyyar na farko. Amma masu aikin sun yi hankali ta hanya biyu. Ta fari, yashin cikin wuƙar ƙididdigagge ne, in ya ƙare wanda ya faɗi ya faɗi. Ta biyu, labarin da kansa ya sa wa gyara farashi. Farah ta mutu a lokacin da wuƙar ba yashi. Don ya cece ta, Yarima ya komar da zamani har daren da ba a kai harin ba tukuna. Ta rayu, ubansa ya rayu, amma duk abin da ya gudana tsakaninsu ya shafe, ba ta san shi ba. Sai a ƙarshe mai wasa ya ke gane cewa muryar da ya ke ji tun farko tana ba da labari, Yarima ne ya shiga ɗakinta da dare yana gaya mata abin da ba ta tuna ba. Wannan gini ne irin na Shaharzad da na akun Magana Jari Ce, inda ba da labarin kansa shi ne hanyar tsira.

Daga nan zuriyar ta yi tuntuɓe. Warrior Within na 2004, wanda Mechner bai sa hannu a ciki ba, ya mai da Yarima mai fushi da zage-zage. Aka cika shi da jini da fille kawuna da kiɗa mai hargowa da mata masu ƙarancin sutura, har hukumar da ke sa wa wasanni shekaru a Amurka ta ce ba na wanda bai kai 17 ba ne. Tsalle da hawa suna nan da kyau, amma an mai da kisa ado. A ƙasar da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, har a 2021 aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara, mutane sun san kamannin jini na gaske, sun san kuma ba wuƙar da ke komo da wanda aka binne. Uban da ya hana ɗansa wannan bai yi zalunci ba. The Two Thrones na 2005 ya ɗan gyara. Ya komar da Yarima birnin Babila, ya sa masa wani baƙin hali da ke magana a cikin kansa, a ƙarshe kuma ba a cin wannan hali da sara, sai an juya masa baya an tafi. Tsohuwar hikimar madubi ce ta komo.

Na 2008 ya yi kuskure ta ɗaya gefen. Zanensa kyakkyawa ne ƙwarai kamar an yi da alli mai launi, amma an haɗa Yarima da wata yarinya mai sihiri, Elika, wadda ke cafe hannunsa duk sa'ad da ya faɗi. Ba ya mutuwa ko kaɗan. Wannan ya yi kama da malamin da ke riƙe hannun almajiri kullum yana rubuta masa allo. Allon zai yi kyau, almajirin kuwa ba zai iya ba. A 2010 aka yi The Forgotten Sands, da kuma fim na kamfanin Disney, wanda aka yi ta zargi domin an ba Bature matsayin ɗan Farisa. Sa'an nan aka yi shiru mai tsawo.

A watan Janairu na 2024 ma'aikatan Ubisoft na birnin Montpellier suka fito da The Lost Crown. Jaruminsa wani barde ne mai suna Sargon, wanda ya tafi Dutsen Ƙaf neman Yarima Gassan da aka sace. An koma ga kallon gefe irin na 1989, an komo da wuya, an kuma sa abin taimako mai ma'ana: in mai wasa ya iske wurin da ya gagare shi, ya kan ɗauki hotonsa ya manna a taswira, ya komo bayan ya ƙware. Ba a tsallake masa ramin ba, an dai tuna masa inda ya ke.

Akwai aibi guda da ya bi yawancin zuriyar. Farisar da ke cikinta ba ita ce ƙasar Iran ta tarihi ba. Farisa ce ta mafarkin Turawa, an kwaɓa Hindu da Babila da Bagadaza da gumakan Majusawa a ƙwarya ɗaya. Yaron da ya ɗauka tarihi ya ke koyo ya ɓata. Na 2024 ya rage wannan laifi, gama an ɗebo daga tatsuniyoyin Farisawa na ainihi, har an sa muryoyi da harshensu. Duk da haka tatsuniya ce, a kuma gaya wa yaro haka.

To, ga ma'aunin da ya fito daga wannan bincike, wanda zai yi amfani ga kowane wasa, ko ba na Yariman Farisa ba. A duba abin da wasan ke yi wa mai kuskure. In yana sa shi ya biya, ya gane, ya sake da natsuwa, kamar na 1989 da na 2003 da na 2024, to, akwai abin kirki a ciki. In yana ɗauke masa wahala duka, to, cin lokaci ne kurum. In kuwa yana yi masa tafi don ya zub da jini, a nisanta shi da yara. Uba ba ya bukatar ya iya danna maɓalli kafin ya yi wannan awo. Ya isa ya zauna kusa da ɗansa na rabin sa'a, ya tambaye shi sunan wasan, da labarinsa, da abin da ke faruwa in an faɗi. Ko mai kyaun ma a yanka masa lokaci, kada ya ci na salla da na makaranta da na gona. Yaron da ya ga ubansa ya san abin da ya ke yi, ya fi saurin jin magana ran da aka ce masa ya isa haka.