Zurfi da haske a zanen ƙarƙashin ruwa: nazari kan fim ɗin *Le Monde de Nemo*

1. Gabatarwa

Mai zanen fili yana da madogara biyu: layin da sama ta haɗu da ƙasa, da kuma layuka masu tsukewa zuwa nesa. A ƙarƙashin ruwa duka biyun sun ɓace. Tambayar da muka sa gaba ita ce: da me ake nuna nisa idan babu su? Za mu duba amsar da kamfanin Pixar ya bayar a fim ɗin Andrew Stanton na 2003, wanda aka zana gaba ɗaya da kwamfuta.

2. Abin da ruwa ke yi wa haske

Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara dushewa, tun a wajen mita 5, sannan ruwan goro, sannan rawaya. Shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Bayan mita 200 haske kaɗan ne ke saura. Haka kuma ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa suna watsa haske, sai abin da ke nesa ya rasa kaifin gefensa. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke haɗiye itatuwa a kan hanyar Damagaram ya san wannan ƙa'ida. Bambancin shi ne, abin da hazo ke yi a ɗaruruwan mita, ruwa yana yin shi a ƴan mitoci.

3. Inda fim ɗin ya yi nasara

A ganinmu, ƙarfin fim ɗin yana cikin jeranta hoto hawa uku: na kusa mai kaifi da cikakken launi, na tsakiya mai ɗan dushewa, na nesa wanda ya narke cikin shuɗi. Misali mafi kyau shi ne fitowar kifin nan mai girma (baleine). Da farko inuwa ce ƙarama, har Dory ta ɗauke ta ɗan ƙaramin kifi. Sai da ta matso girmanta ya bayyana. Wato rashin ma'aunin nisa, wanda matsala ce ga mai zane, an mayar da shi makamin labari. Ƙwayoyin da ke shawagi da zanen haske mai rawa a kan yashi su ma suna tuna wa ido cewa akwai ruwa tsakaninsa da abin da yake kallo. Abin lura kuma, ruwan tashar Sidni kore ne mai gurɓata, ya bambanta da na murjani.

4. Inda ya kauce wa gaskiya

Marlin yana riƙe launinsa na ruwan goro a zurfin da ya kamata ya koma toka-toka. Wannan saɓa wa kimiyya ne, amma ba mu ɗauke shi aibi ba, domin launin ne ke jan ido zuwa ga jarumin. Aibin da muke gani shi ne tsabtar ruwan murjani ta yi yawa a wasu wurare, har hawa na biyu da na uku su kusan haɗewa, zurfi ya ragu.

5. Kammalawa

Darasin ga ɗalibanmu shi ne, shafa shuɗi a kan hoto duka ba ya samar da zurfi. Dushewa mataki-mataki ce ke samar da shi. Wanda zai zana rayuwar kifi a kogin Kwara kuwa, kwaikwayon shuɗin teku zai kai shi ga kuskure, tun da ruwan laka ja-ja ne kuma ido ba ya nisa a cikinsa. Ƙa'idar ita ce abin aro. Launin kuwa sai a je bakin kogi a dubo shi.