Zare, Kara da Fitila: Ina Ɗalibanmu na Zane Suka Dosa?

Duk wanda ke leƙa baje kolin ɗaliban zane-zane a 'yan shekarun nan zai lura cewa hoton da ake ratayewa a bango ya fara rasa fada. Yaran yanzu ba sa tsayawa kan fenti da burushi. Sai ka tarar an ɗaure ɗaki guda da zaruruwa tun daga rufi har ƙasa, an haska fitila ta gefe, inuwa ta zubo a bango, mai kallo kuma ya kutsa ciki ya zagaya maimakon ya tsaya daga nesa. Wasu dattawan masu zane suna ganin wannan fasahar girkawa lalaci ne kawai, wai yaron da ya kasa zana hannun mutum ne yake fakewa da igiya. Ban yarda ba. A ganina ta fi hoton firam dacewa da mu mutanen ƙasar Zazzau, amma fa da sharaɗi.

Mu fara daga gida. Je ka Gazara ko Hunkuyi ko Ikara ka ce wa uba ɗansa zai karanci zane a jami'a. Abin da zai fara faɗo masa shi ne sassaƙa mutum-mutumi da zana mai rai, kuma kowa ya san matsayin malamanmu a kan wannan. Yara masu baiwar hannu da yawa a nan hanyarsu ta toshe, suka koma rubuta allon shago ko zanen bayan tirela. To aikin da aka gina shi da layi da haske ba fuska a cikinsa, ba ido, ba hanci. Ƙofa ce ta buɗe wa 'ya'yanmu, kuma ba wanda zai ce sun saɓa wa tarbiyyar gidansu don sun bi ta cikinta.

Zariya ba baƙuwar irin wannan sauyi ba ce. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, kowa ya waiwayi gadon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda shi ma layi ne tsantsa. Nwoko ya karkata ga gini, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin masu tsara gine-gine na birnin Venice a Italiya. Sai dai mafi yawansu daga Kudu suka zo, kuma gadon gidajensu suka koma wa, kamar yadda ya dace. Namu gadon yana nan cikin ganuwa yana jiran 'ya'yansa.

Masallacin Juma'a na Zariya nake nufi, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. An lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, amma tsohon yana ciki. Ɗalibin da ke neman sanin abin da layi yake yi wa ɗaki, ya shiga ya ɗaga kai. Bakan gizo ya taso daga ginshiƙi, ya lanƙwasa, ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar tulluwa. Azara a jere a tsakani, kowace da inda ta fuskanta. Zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai kuma ba launi ne ke fito da shi ba, inuwar da ke kwanciya a kwarminsa ce. Da ƙasa da azara kaɗai mutumin nan ya sarrafa idon mai shiga, ya ja shi sama. Abin da ɗalibanmu ke laluba da waya da fitila ke nan, kusan shekara ɗari biyu bayansa.

A wani hutu, wani yaro ɗan Gazara da ke karatun zane ya gwada abinsa a zauren gidansu. Karan dawa ya fere ya tsaga siriri, ya rataye su da zaren ɗinkin hula a tsayi daban-daban, daidai inda ranar hantsi ke shigowa ta ƙofa. Da iska ta kaɗa, sai layukan inuwa su riƙa tafiya a daɓe suna haɗuwa suna rabuwa. Da dare ya sa fitilar sola a ƙasa, inuwar ta koma rufi. Yara suka cika zauren. Kawunsa, wanda sana'arsa saƙar zana ce, ya daɗe yana kallo, sannan ya kama ƙulli ɗaya ya murza.

"Ɗana, abin ya yi kyau, amma wannan ɗaurin ba zai kwana uku ba. Kawo in nuna maka."

Ya kwance, ya sake ɗaurewa irin nasu. Yaron ya ce, "Kawu, ai wannan ba a koya mana ba." Tsohon ya yi dariya kawai. Ba wanda ya tambayi ma'anar aikin, kuma ba wanda ya fita bai fahimce shi ba, domin duk mai zama a rumfar kasuwar Makarfi ya san yadda rana ke ratsa asabari ta yanka ƙasa layi-layi.

Ga sharaɗin da na ambata. Da yawa cikin ayyukan da ake nunawa daga wayar hannu aka kwaso su. Yaro ya ga hoton wani farin ɗaki a Landan ko Amurka, ya zo ya maimaita. Dan Flavin ya yi suna a shekarun 1960 da jera dogayen ƙwayayen lantarki masu launi, amma a New York ya yi, inda ba kasafai ake ɗauke wuta ba. Kai da aikinka zai mutu da zarar an ɗauke, sai a jira janareta, me ya kai ka? Rana muke da ita har ta yi yawa, ga hazon hunturu da ke sauya launin haske baki ɗaya, ga fitilar sola da yanzu ta shiga ƙauyuka. Sannan ga doguwar takardar bayani da Turanci da ake mannawa a gefe. Idan aiki bai tsaya da ƙafarsa ba sai an karanta masa shafi guda, da sauran gyara.

Akwai kuma masu tara bola su ce fasaha ce, suna kafa hujja da El Anatsui. Su sake duba shi. Mutumin Ghana ne da ya koyar a Nsukka tun 1975, kuma marufan kwalabe da yake aiki da su sai an daddake kowanne, an huda, an ɗinke da wayar jan ƙarfe, dubbai a kan dubbai, shi da mataimakansa. Abin da ya kai aikinsa babban zauren Tate Modern a Landan a 2023 wahala ce da ido mai auna launi, ba sharar ba. A nan dattawan suna da gaskiya: wanda bai horar da hannunsa da fensir ba, ko a iska ya ja layi, karkatacce zai fito.

Kayan aiki kuwa ba mu rasa ba. Tuƙar raken da ake tarawa a wuraren dafa mazarƙwaila a Makarfi da Kudan, kwandunan tumatir na Ikara, kaba, gora, ƙwarya, duk ga su nan, kuma kowanne da gwaninsa a raye.

Roƙona ga malaman zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantunmu shi ne su gayyato magina da masu saƙar zana da maɗinka cikin aji, a biya su a matsayin malamai. Ɗalibin shekarar ƙarshe kuma a sa shi ya kafa aiki ɗaya a garinsu, a zaure ko filin makaranta ko bakin kasuwa, malamai su bi shi can su ba da maki. Shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan, abin da ake nema a wurinku bai wuce fili da kuɗin mota ba. Iyaye, idan yaro ya zo hutu ya nemi zaure, a ba shi.