Guzuri da Shawara a Yaƙin Basasar Kano: Sharhi kan Littafin Adamu Fika

Duk mai nazarin Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ba shi da makawa sai ya bi ta kan littafin Dokta Adamu Mohammed Fika mai suna The Kano Civil War and British Over-rule, 1882-1940, wanda aka buga a 1978. Marubucin ya yi ƙoƙari matuƙa wajen bin diddigin musabbabin rikicin: yadda Sarkin Kano Muhammadu Bello ya raba 'ya'yan wansa Abdullahi Maje Karofi da sarautunsu, ya naɗa ɗansa Tukur Galadima, da kuma yadda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba Tukur sarautar Kano bayan rasuwar Bello a ƙarshen 1893, saboda bajintar da ya nuna a yaƙin Argungu. A wannan fanni littafin ya gamsar.

To amma a ganina akwai tambayar da ba ta sami kulawar da ta dace da ita ba, a wannan littafi da ma sauran rubuce-rubucen da suka kalli basasar daga fada. Tambayar ita ce: me rundunonin nan biyu suka ci, kuma daga ina? Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Barde ɗaya yana bukatar hatsi da harawar dokinsa, da abincin yaran da ke kula da dokin, da jakin da zai ɗauki kayan. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ba zai gane yadda sarkin da ke riƙe da birni da ganuwa da takardar Sakkwato ya rasa gadonsa cikin ƙasa da shekara guda ba.

Mu fara da zaɓen Takai. Yusufawa ba su nufi garin don gudun hijira kawai ba. Takai sansani ne da mahaifinsu Abdullahi ya ƙarfafa domin tare Ningawa, waɗanda suka kafu a cikin duwatsu tun bayan fitar Malam Hamza daga Tsakuwa wajen 1846. A waɗannan yaƙe-yaƙe Kanawa suka ga yadda dutse ke karya lagon doki, kuma mai kai hari cikin tsaunuka kan juyo ne idan guzurinsa ya ƙare, ko da ba a ci shi da yaƙi ba. Sannan fitar tasu ta zo bayan kaka, lokacin da rumbunan ƙauye ke cike.

Duk da haka, shawarar Yusufu ta farko kuskure ce. Ya yi gaggawar afka wa birni kafin ya mallaki karkara, aka kora shi da asara. Abin yabo shi ne ya gyara. Ya juya ga garuruwan kudu maso gabas, irin su Gaya da Dutse, wasu da lallashi, wasu da takobi. Kowane gari ya bi, rumbunsa da dawakinsa da samarinsa sun bar hannun Tukur ke nan.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin. A wancan zamani Jahun tana ƙarƙashin Kano, a bakin iyakarta da Haɗeja. Fadamun kogin Haɗeja su ne makiyayar rani, kuma tushen hatsi da kifi. Duk wanda ya riƙe hanyar Gaya da Dutse ya tsaya tsakanin birni da wannan arziki. Ga shi kuma Rabe ya ci Kukawa a 1893, fataucin gabas ya shiga ruɗani. Saboda haka bai kamata a riƙa ɗaukar waɗannan gundumomi a matsayin sunayen da runduna ta ratsa kawai ba, domin su ne suka ciyar da yaƙin.

Shi kuwa Tukur, ba tsoro ya kayar da shi ba, don an shaidi jaruntarsa. Shawara ce ta kayar da shi. Ya dogara ga ganuwa da umarnin da Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taimaka masa, alhali yawancinsu sun ja ƙafa. Kisan waɗanda aka kama kuma ya sa masu shakka suka yanke ƙauna daga afuwarsa. Da Yusufu ya rasu a Garko a 1894, wata dama ce ta fita a tarwatsa rundunar da ta rasa shugaba, amma ba a yi ba. Yusufawa suka miƙa jagoranci ga Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Sakkwato ce, suka ci birnin a daminar wannan shekara. Ni dai ina ganin ba a banza nasarar ta zo a lokacin ba, domin tsakiyar damina ce lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Tukur ya fice zuwa Kamri a ƙasar Katsina, aka kashe shi a 1895.

Wannan sharhi bai rage darajar littafin Fika ba, ya nuna ne inda aiki ya saura. Tarihin basasa daga bakin ƙauye yana cikin gidajen dagatai da masu unguwanni na Jahun da Miga da Kiyawa da Dutse, inda jikokin waɗanda aka kwashe wa rumbuna ke riƙe da labarin. Ya kamata ɗalibanmu na tarihi su je su ɗauko shi tun dattawan da suka ji daga kakanninsu suna raye. Allah Ya ji ƙan magabata, Ya kiyashe mu daga fitinar cikin gida.